Me ya sa ruwan ƙwayoyin zinariya ke komawa shuɗi?

Tambaya: Malam, ƙananan ƙwayoyin zinariya na cikin ruwa da aka haɗa da sitiret (sinadarin da ake samu daga tsamin lemun tsami) ja ne. Me ya sa suke rikiɗewa shuɗi idan an zuba gishiri?

Amsa: Ƙwaya mai faɗin nanomita 15 zuwa 20 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) tana shanye haske mai tsawon zango kusa da nanomita 520, wato kore, shi ya sa ido ke ganin ja. Lantarkin saman ƙwayar ne ke kaɗawa tare da hasken. Sitiret yana ba kowace ƙwaya caji iri ɗaya, sai su riƙa ture juna. Gishiri yana dushe wannan cajin, su manne. Da tazarar ta ragu ƙasa da faɗin ƙwaya, kaɗawarsu sai ta haɗu, shanyewar ta matsa sama da nanomita 600, wato wajen ja, shi ya sa ido ke ganin shuɗi, hasken kuma ya taru sosai a cikin ratar.

Matsalar ita ce wannan hanya ba ta da linzami, dunƙulen na ci gaba da girma har ya kwanta ƙasa. Mai son saita launi gara ya yi ƙwayoyi masu siffar sanda: ƙara tsawo kan kauri yana tura shanyewar zuwa infrared, wato hasken da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani. A riƙa tsarma ruwan ƙwayoyin da tataccen ruwa kawai, ban da na famfo.