Amsa: Wane ne Frank Aiken, kuma me ya yi a gwamnatin Ireland?

Mai tambaya yana son sanin dalilin da ake yawan ambaton Frank Aiken idan ana maganar makaman nukiliya. To, mutumin ya fara ne da bindiga: shi ne shugaban dakarun IRA, wato mayaƙan da ke son Ireland ta zama jamhuriya, a ƙarshen yaƙin basasar ƙasar, kuma a watan Mayun 1923 ya umarci mayaƙansa su ajiye makamai. A shekarar ce mazaɓar Louth ta zaɓe shi, ya riƙe kujerar har 1973, shekara hamsin cur. Amma sai 1927 ya fara zama a Dáil, majalisar wakilan Ireland, saboda kafin nan ya ƙi yin rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila.

Ya yi ministan tsaro daga 1932, na kuɗi daga 1945 zuwa 1948. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi ya kula da tace labarai, kuma ya matsa wa jaridu ƙwarai; wannan tabo ne a tarihinsa.

Inda ya fi yin fice shi ne ma'aikatar harkokin waje. Daga 1958, duk shekara yana kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya ƙudurin hana yaɗuwar nukiliya, har aka amince da shi a 1961. Shi ya sa a Mosko, a 1968, aka gayyace shi ya fara sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya.