Amsa ga mai tambaya kan fatsar kifin tirawut lokacin da kogunan duwatsu suka kawo ruwa

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka ce bara ka sauka a birnin Denba na jihar Kolorado a Amurka, ka sayi sanda da zare da ƙwarin gashi irin waɗanda ake ɗaura wa ƙugiya, ka yanki lasisi, sannan ka je rafin Clear Creek ta wajen Golden a makon farko na Yuni. Ka tarar ruwa ya kawo, ya yi ja kamar kunun kanwa, yana ruri, ka shafe awa huɗu kana jifa tsakiyar rafi, ba ka kama ko ɗaya ba, ƙwarinka biyar kuma suka maƙale a duwatsu. Tambayarka ita ce ko ka jingine sanda sai watan Yuli.

Kada ka jingine. Shekarata goma sha ɗaya ke nan ina fatsa a kogunan Kolorado, na kuma leƙa na Montana sau da dama, kuma wasu daga cikin manyan kifayen da na taɓa riƙewa a irin wannan ruwan da ya kore ka na kama su, ina tsaye a kan gaɓa, ƙafata ba ta jiƙe ba. Kuskurenka ɗaya ne, kuma kusan kowa da shi yake farawa: ka nemi kifi a tsakiyar rafi, alhali shi ya baro can ya dawo gindin ƙafarka.

Mu da muka tashi a bakin kogi a gida mun saba ruwa ya kawo a watan Agusta, bayan sama ta yi kwanaki tana zuba. A nan kuwa kogi yakan cika ya batse rana tana tsakiyar sama, babu ko ɗigon hadari, domin ruwan daga dusar ƙanƙarar da ta taru a kan duwatsun Roki tun farkon hunturu yake fitowa. Tulin ƙanƙarar yakan kai iyakarsa a cikin Afrilu, ya soma narkewa sosai a Mayu, ruwa kuma ya kai ƙarshen cikarsa tsakanin ƙarshen Mayu da tsakiyar Yuni a yawancin kogunan Kolorado. Can arewa abin yakan ɗan jinkirta, har kogin Yellowstone a Montana yakan kai watan Yuli kafin ya kwanta. Idan ruwan sama ya sauka a kan ƙanƙarar, lamarin yakan wuce batun fatsa gaba ɗaya, kamar yadda ya faru a watan Yunin 2022, lokacin da Yellowstone ya cinye hanyar da ta tashi daga Gardiner zuwa Mammoth, aka rufe duk ƙofofin gandun dajin Yellowstone.

To, ina kifin yake a irin wannan lokaci? Tirawut kifi ne mai lissafi. Ba ya yarda ya ƙona ƙarfin da ya fi abincin da zai samu, ga shi ruwan narkewar ƙanƙara yana da sanyi ƙwarai, sau da yawa bai wuce digiri 5 zuwa 8 a ma'aunin Selsiyos ba, jikin kifi kuma yakan yi nauyi a irin wannan sanyi. Saboda haka sai ya guje wa igiyar ruwa ya raɓu da duk abin da zai kare shi: cikin kwanar kogi, bayan babban dutse, gindin itatuwan da ruwa ya haura ya shanye, ƙarshen tsibiri, da ƙananan rassan da a watan Satumba busasshen yashi ne kawai. Wurin da na fi amincewa da shi shi ne layin da ruwa mai gudu ya haɗu da ruwa mai sanyin tafiya, inda za ka ga kumfa da ƙananan karare suna jeruwa. Sau da yawa layin nan bai wuce taku ɗaya ko biyu daga gaɓa ba. Kifayen da a lokacin janyewar ruwa suke warwatse a faɗin kogi duk sun matsu a wannan ɗan siririn wuri, kuma cikar ruwan tana tono musu tana daga gaɓa, tana ɓamɓaro 'ya'yan ƙwari daga ƙarƙashin duwatsu, tana kawo musu har baki.

Akwai kuma wata riba da jan ruwa yake ba ka. Hausawa suna cewa kifi na ganinka mai jar koma, kuma ban san kifin da maganar ta fi dacewa da shi kamar tirawut a ruwa garau na watan Agusta ba, domin inuwarka kaɗai ta isa ta watsa su. A ruwan da ya dame kuwa ba ya ganinka, ba ya ganin kaurin zarenka, kana iya tsayawa a kansa tsawon sanda ɗaya kacal. Abin da yake ji shi ne motsi, ta layin da ke gefen jikinsa, don haka ka taka gaɓa a hankali.

Ba kowane jan ruwa ake fatsa a cikinsa ba, kuma a nan ne ya kamata ka koyi abu biyu. Na farko gwajin ido ne. Ka tsoma sandarka ko ka dubi wani dutse a bakin ruwa: idan kana iya ganin abu a zurfin kamu ɗaya, ruwan ya yi, musamman in launinsa ya soma komawa tsanwa-tsanwa. Idan ko tafin hannunka ba ka gani a zurfin taƙi, ga itace da saiwoyi suna wucewa, ka koma mota ka nemi wani wurin. Na biyu shi ne ma'aunin USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wadda take da na'urori a bakin koguna suna nuna yawan ruwan da ke wucewa, kowa kuma yana iya dubawa kyauta a intanet. Suna rubuta shi da cfs, kuma cfs ɗaya kimanin lita 28 ke nan a kowace daƙiƙa. Lambar kanta ba za ta gaya maka abin kirki ba sai ka san kogin, amma layin da ke kan zanen hawa da saukar ruwa da suke nunawa zai gaya maka. Ruwan da yake hawa yakan rufe bakin kifi, wanda ya kwana biyu ko uku yana sauka kuwa yakan buɗe shi, ko da har yanzu kogin a cike yake. Idan aka yi kwanaki na sanyi da gajimare a kan duwatsu, narkewa takan lafa, sai ka samu irin wannan dama a tsakiyar cikar ruwa.

Za ka kuma lura layin yana hawa da sauka kullum kamar haƙoran zarto. Ƙanƙarar da rana ta narkar da azahar sai da almuru ko cikin dare ruwanta yake isowa ƙasa, don haka a rafukan da ke kusa da duwatsu ruwa ya fi janyewa ya kuma fi haske tsakanin hantsi da azahar. Gwargwadon nisan wuri daga ƙanƙara, gwargwadon yadda lokacin yake gusawa, shi ya sa nake duba zanen wurin da zan je tun da dare.

Game da kayan aiki, ka ajiye ƙananan ƙwarin da ake ɗora wa saman ruwa, lokacinsu bai yi ba. Sanda mai ƙafa 9, lamba 5 ko 6, ta wadatar. Ka gajarta siririn zaren gaba, ka sa mai ƙarfi, 2X ko 3X, domin za ka riƙa fizge ƙugiya daga saiwoyi, kifin da ka kama kuma zai so ya faɗa igiyar ruwa. Ni nakan ɗaura ƙwari biyu: babba baƙi ko ruwan ƙasa mai ƙafafun roba, wanda a kanti ake kira Pat's Rubber Legs, sannan a bayansa da kamu ɗaya in ɗaura mai kama da tana, ja ko ruwan hoda, wato San Juan Worm. Baƙi ya fi fitowa a jan ruwa fiye da kowane launi. Ka ƙara nauyi har sai ka ji ƙwarin suna taɓa ƙasa jefi-jefi, domin ruwan da ke dab da ƙasa ya fi na sama sanyin tafiya, can kuma kifin yake kwance. Ƙwari biyar da ka rasa ba asara ba ce a wannan aiki, wanda ba ya rasa ƙwaro a Yuni bai kai inda kifi yake ba. Sai dai ka san cewa a gandun Yellowstone an hana nauyin dalma, don haka na saba da na kuza ko'ina.

Ba a buƙatar jifa mai nisa. Ka wurga sama da kai kaɗan, ka ɗaga sanda yadda zaren ba zai kwanta a ruwa mai gudu ya ja ƙwarin ba, ka bi ɗan ƙwallon alama da ake maƙala wa zare, wanda ke iyo a saman ruwa, da ido. A ruwan sanyi kifi ba ya fizga, ƙwallon yakan ɗan tsaya ne kawai ko ya karkata, kuma duk lokacin da ya yi haka ka ɗaga. Wuri ɗaya ka bi shi sau goma ko fiye kafin ka matsa, tunda kifin ba zai ga abin ba sai ya zo dab da hancinsa. Idan ya kamu, ka kwantar da sanda ta gefen gaɓa ka hana shi fita, ka bi shi ƙasa da ƙafa in hanya ta ba ka. Ranar da wannan bai yi ba, nakan ɗaura baƙin ƙwaron gashin da ake kira Woolly Bugger in ja shi sannu a hankali a jikin gaɓa.

Abin da ya sa babban ƙwaron nan mai ƙafafu yake aiki ya cancanci bayani. Akwai wani ƙaton ƙwaro da suke kira salmonfly, tsawonsa ya kai ɗan yatsa, girmansa kamar babe, cikinsa ruwan lemo. 'Ya'yansa sukan yi shekara uku zuwa huɗu a ƙarƙashin duwatsun kogi, sannan a daidai wannan lokaci na cikar ruwa su rarrafo zuwa gaɓa, su hau itace, su fasa ɓawo su fito da fukafukai. Kifaye suna biyo su bakin gaɓa. Fitowar takan fara daga ƙasan kogi ta riƙa haurawa sama kwana bayan kwana: a kogin Kolorado ta wajen Kremmling daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, a kwazazzabon Gunnison cikin Yuni, a Big Hole na Montana wajen tsakiyar Yuni, a Madison kuma ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. Idan ka ga busassun ɓawonsu manne a duwatsu da rassa, ka gwada babban ƙwaron saman ruwa a gindin itatuwa. Ganin kifi ya taso daga jan ruwa ya haɗiye abu mai wannan girma yana cikin abubuwan da suka riƙe ni a wannan fatsa.

Idan duk rafukan da ke kusa sun lalace, ka nufi kogin da yake fitowa daga ƙarƙashin madatsar ruwa, domin laka takan kwanta a tafki, ruwan ya fito garau. Mafi kusa da kai shi ne South Platte a ƙasan madatsar Cheesman da yankin Deckers, sai Blue a garin Silverthorne ƙasan madatsar Dillon, sai Fryingpan ƙasan Ruedi ta wajen Basalt. Za ka tarar da jama'a, kifin kuma ya san ƙugiya, sai da siririn zare da ƙananan ƙwari. Su ma ana iya sako musu ruwa da yawa idan tafki ya cika, don haka ka duba ma'auni. A kwazazzabon Cheesman doka ta hana tana ta gaske, kuma duk kifin da ka kama sai ka mayar da shi.

Saura maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. A shekarata ta biyu na shiga ruwa iya gwiwa don in kai wani dutse, tsakuwar da na taka ta zame, ruwa ya kwashe ni, ya cika mini wandon shiga ruwa domin ban ɗaure ɗamararsa ba. Sanyin ya ɗauke mini numfashi nan take, hannuwana suka ƙi yi mini aiki, Allah ne ya sa ruwan ya jefa ni wata kwana mai yashi kafin in kai wani itace da ya faɗi ya tare rafi. Da na shiga ƙarƙashin itacen nan, ruwa ya danne ni ke nan. Tun daga ranar ba na wuce idon sawu a watan Yuni, nakan ɗaure ɗamara tamau, in riƙe sandar dogarawa, in gaya wa iyalina wurin da zan je da lokacin dawowa. Ka kuma kula da gaɓar da ruwa ya rarake ƙarƙashinta, tana iya ruftawa da kai. Kada ka kai yara bakin irin wannan ruwa.

Tunda a gaɓa za ka yi aikinka, ka san dokar ƙasa. A Montana, dokar 1985 ta ba jama'a damar bin kogi har zuwa alamar da ruwa ya saba kaiwa idan ya cika, muddin ta halastacciyar hanya aka shiga. A Kolorado ba haka ba ne, gaɓa da ƙasan kogi na mai filin ne, don haka ka tsaya a filayen hukuma, ka girmama allunan da aka kafa. Idan kuma ka ga wani wuri a tsakuwa ya yi fari tas kamar an share, sheƙar ƙwan kifi ce, domin tirawut mai launin bakan gizo da ɗan asalin yankin mai jan layi a maƙogwaro daga bazara zuwa farkon zafi suke zuba ƙwai, kada ka taka.

Ranar Asabar mai zuwa, ka duba zanen Clear Creek tun daren Juma'a. Idan ya kwana biyu yana sauka, ka isa da hantsi, ka zaɓi kwana uku kacal masu ruwa mai sanyin tafiya, ka yi musu aiki daga kan gaɓa har azahar. Idan yana hawa, ka kama hanyar Deckers bayan sallar asuba, kafin wuraren ajiye mota su cika.