Ƙananan kifayen nan na Keta, 'ya'yan manyan kifi ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko busassun ƙananan kifayen nan da ake aunawa da kwano a kasuwannin Gana, waɗanda ake yi wa laƙabi da 'yan makarantar Keta (wani gari ne a gaɓar tekun Gana), 'ya'yan manyan kifi ne da aka kama tun ba su girma ba. A'a, iyakar girmansu ke nan. Sunan kifin ancobi, kuma da wuya ya wuce santimita 15.

Ɗauki guda ɗaya ka duba da kyau. Hancinsa ya zarce leɓen ƙasa, bakin kuma ya tsage har bayan ido. Da wannan wawakeken bakin yake tace ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa. Ɗanyensa yana da zane mai ƙyalli kamar azurfa a kowane gefe.

Kifin teku ne, yana tafiya dubbai a dunƙule kusa da gaɓa, har yakan leƙa bakin kogi. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙasan teku ɗauke da abinci, lokacin ne harka take buɗewa. Ƙwansa yana yawo a saman ruwa, cikin kwana ɗaya zuwa uku ya ƙyanƙyashe.

Jiragen kamun babban kifin nan tuna na tashar jiragen ruwan Tema sukan ɗebe shi da rai, su watsa a ruwa don jawo tuna. Abin da ke damuna shi ne masu kunna fitila da dare su kwashe shi da raga mai ƙananan ido, ƙanana da manya, alhali dokar Gana ta hana kamun kifi da fitila.