Shekara tara ina jiran lokacin Allah, Mama na gaji

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Don Allah ki sakaya sunana.

A Disambar nan aurenmu zai cika shekara 9, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Duk wanda na kai wa kukana amsa ɗaya ce: yi haƙuri, lokacin Allah ya fi. Fasto ya faɗa, matar Fasto ta faɗa, uwar da ta haife ni ma haka. Ban musa ba, Mama, amma yaushe ne lokacin? Matar ƙanin maigidana da aka kawo bayana da shekara huɗu tana da uku, ga na huɗu a ciki. Ni nake raka ta awo. Ni na dafa mata ruwan wankan jego. Ranar miƙa jariri a coci ni ake ba jakar kayan yaro in riƙe, ana rawa zuwa gaba ina murmushi, in dawo gida in kulle ƙofa in yi ta kuka.

Kirsimetin bara a ƙauye, surukata tana rabon nama ta ce a gaban kowa, "A fara ba masu 'ya'ya, juya bakinta ɗaya ne." Aka yi dariya. Maigidana yana zaune, bai ce uffan ba.

Ba abin da ban yi ba. Azumin kwana uku ba ci ba sha, kwanan addu'a, hawa dutse. Wani mai addu'a ya sayar mini da 'yar kwalbar man zaitun naira dubu 15. Na sha jiƙe-jiƙe har cikina ya ɓaci. Asibiti uku na je, an yi hoton mahaifa, an ce ba a ga komai ba, ni kaɗai nake zuwa don shi ba shi da lokaci. Yanzu Zumuntar Mata ma na daina zuwa, don da an fara roƙon addu'a sai idanu su juyo kaina. Haƙuri, haƙuri, kullum haƙuri. Mama, wani zunubi na yi? Ko bangaskiyata ce ta kasa?

'Yarki daga Kafanchan

AMSA

'Yata, share hawayenki. Ba ki yi wani zunubi ba. Luka ya shaida cewa Zakariya da Alisabatu masu adalci ne a gaban Allah, amma har suka tsufa ba haihuwa.

Ba na yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, kuma ban ji ta bakin maigidanki ba. Sai dai akwai wata magana da kika jefa a tsakiyar wasiƙarki kika wuce kamar ba komai: "ni kaɗai nake zuwa don shi ba shi da lokaci." Shekara tara ba shi da lokaci? An duba ki sau uku ba a ga komai ba, shi ko sau ɗaya ba a duba shi ba, amma ke ce juya? Wa ya yanke wannan hukuncin?

Likitoci sun daɗe suna faɗa cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai matsala ta wajen namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Gwajinsa kuma shi ne mafi sauƙi: a ƙaurace wa juna kwana 2 zuwa 7, ya kai maniyyi ɗakin gwaji, shi ke nan. Ba allura, ba wuƙa. Ban ce laifinsa ne ba, ciwo ba laifi ba ne. Laifinsa shi ne shirun da ya yi ranar rabon nama.

Buɗe Farawa sura 25. Ishaku ya auri Rifkatu yana da shekara 40, ba su ga tagwaye ba sai yana da 60. Shekara 20 ke nan, fiye da ninkin naki. To wa Nassi ya ce ya yi roƙo ga Ubangiji? Ishaku ne, domin matarsa. Jiran na mutum biyu ne. A gidanki an ɗora miki jinkar ke kaɗai, sannan ana yi miki wa'azin haƙuri.

Ni fa na gaskata da lokacin Allah, kada ki ji ni ba daidai ba. Saratu ta gaji da jira ta miƙa wa Ibrahim Hajaratu, kin san rigimar da ta biyo baya. Saboda haka ki bar sayen mai a kwalba, ki bar jiƙe-jiƙen da ba ki san abin da ke ciki ba. Amma manomin da Yakubu ya ce a wasiƙarsa ta Sabon Alkawari yana jiran ruwan fari da na ƙarshe, ai sai da ya yi shuka ya zauna jira.

Ku kuma matan zumunta, da ku nake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na fama da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa. Ku ƙirga bencin cocinku. Kalmar "yi haƙuri" ta zama muku hanyar sallamar mai kuka. Hannatu ta yi kuka a Shilo har Eli ya zaci ta bugu, Allah bai tsawata mata ba.

'Yata, samu maigidanki da dare, ku biyu, ba a gaban uwarsa ba. Ki ce, "Maigida, na je sau uku, wannan karon mu je tare." In ya ƙi, ki kai maganar wurin wani dattijon ikilisiya mai riƙe sirri wanda yake jin nauyinsa. Ranar zumunta kuma ki ɗaura zanenki ki koma. Ki sake rubuto mini bayan an ga sakamakon gwajin.