Irin tumatir ya yi tsawo ya sirance: a karyar ko a gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Tudun Wadan Zariya nake. Da na kwashi adashi na sayi irin tumatir Roma, na yafa a robobi ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, da niyyar sayar wa 'yan lambu dashe. Yau sati uku ke nan, sun yi tsawo sun sirance, ganyen ya koɗe, wasu har sun kwanta. Na barbaɗa musu takin yuriya, abin sai ƙaruwa yake. Wani mai lambu daga Dakace ya gani ya taya rabin kuɗi. In sallama masa ne, ko in ci bashi in sake sabo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa albarka a nema. Kada ki sallama tukuna, bashin kuma ki bar shi, domin kuɗinki bai nitse ba.

Rumfar nan ita ce tushen matsalar. Tumatir na son rana ta kai tsaye, aƙalla awa 6 a yini. In bai samu ba, sai ya dinga miƙa wuya yana neman haske, ƙarfinsa duka ya tafi a tsawo, karan ya ƙi kauri. Ki duba da kyau, za ki ga duk sun karkata ɓangaren da rana ke leƙowa. Cunkoso ma na ƙara abin, tunda kowanne na ƙoƙarin tsere wa inuwar ɗan'uwansa. Yuriyar da kika sa kuwa ganye da tsawo take ƙarawa, wato abin da ya riga ya yi musu yawa. Ki dakatar da ita yau.

Sa'ar da kika yi ita ce tumatir ne. Duk inda karansa ya shiga ƙasa mai danshi yana fitar da saiwa. Saboda haka dogon iri in aka tsinke ganyen ƙasa, aka binne karan har kusa da ganyen sama, ko aka kwantar da shi a ɗan rami aka bar kan a waje, yakan kama ya yi saiwa mai yawa. Wannan shi ne hujjarki a wurin ciniki.

Ki ware kayan. Waɗanda gindinsu ya yi baƙi ya tsuke, ko suka kwanta suna ruɓewa, cuta ce, ki cire ki yar nesa da sauran. Kada ki ba kowa ko a matsayin gyara. Masu lafiya ki rage musu cunkoso, ki mayar da wasu cikin ledar fiya wata da kika huda ƙasanta, ki binne su da zurfi. Sannan ki fara fitar da su rana a hankali: awa biyu na hantsi a kwanakin farko, kina ƙarawa har su iya yini a waje cikin mako guda. In kika fitar da su gaba ɗaya rana ɗaya za su ƙone. Ki rage ban ruwa, da safe kawai, sai saman ƙasar ya ɗan bushe. In don kaji da awaki kika ɓoye su, tsohon gidan sauro da 'yan sanduna sun isa.

Bayan kwana bakwai zuwa goma ki sake kiran mutumin Dakace. Waɗanda suka yi kauri ki sayar a kan cikakken farashi. Dogayen ki gaya masa gaskiyar yadda suka taso, ki yi masa ɗan rangwame, ki nuna masa yadda zai binne su. Na fi son ki yi haka a kan ki cakuɗa su, don masu lambun bakin kogin Galma sun san juna, iri ɗaya da ya mutu a fangalin mutum ɗaya zai iya rufe miki ƙofar mutum goma.

Abin da ya fi damuna shi ne kin yafa kafin ki sami mai saye. Dashe ba ya jiran kasuwa. Yana kai sati huɗu zuwa biyar dole ya bar hannunki, in ya wuce sai ya tsufa, mai saye ya san kin matsu, shi ya sa yake taya rabi. Zagaye na gaba ki fara da tambayar manomi ranar da zai yi dashe, da irin da yake so, Roma ne ko UC82B, da adadi. Ki karɓi kafin alƙalami da zai biya kuɗin iri, ki ƙirga sati huɗu baya, ranar ki yafa. Ki ƙara ɗan kaɗan a kai saboda waɗanda ba za su tsiro ba.

Ki kuma rubuta komai: iri, leda, taki, ruwan da kike saya wurin 'yan garuwa, kuɗin Keke Napep. Ki raba jimlar da yawan dashen da ya rayu, ba yawan ƙwayar da kika yafa ba. Nan ne za ki san farashin da in kika sauka ƙasa da shi uwar kuɗi kike ci. In kuma kika ga tabo ko ƙwaro da ba ki gane ba, ki tura wani da samfuri a leda zuwa Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, su duba miki kafin ki kashe kuɗi a kan magani.