Amsa ga uwar jaririyar da ta cika wata 7 ba ta zauna ba

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarki, na ga kuma an yi ta ba ki amsa a gajarce, masu cewa ki yi haƙuri da masu cewa ki nemo magani. Kin ce 'yarki ta cika wata 7, ba ta zama sai an tokare ta, ko haƙori ɗaya bai leƙo ba, ga ɗan maƙwabciyarki da kuka yi suna a wata ɗaya har ya fara rarrafe. Kin ce surukarki ta bugo waya daga gida ta ce a riƙa zaunar da ita a baho a tattare ta da zannuwa, a kuma saya mata maganin haƙori. Na bari sai da na samu natsuwa zan amsa, domin wannan ruwan da kike ciki ni ma bara na sha shi a nan Agege, ba uwa ba yaya a kusa.

Nawa ɗan fari ne, sunan mahaifin maigidana ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Watansa 15 yanzu. Bai zauna da kansa ba sai da ya yi wata 8 da sati 2, haƙorinsa na farko kuwa sai a wata na 10. Kin san irin gidajen hayarmu na Legas, ɗakuna a jere ƙofa na kallon ƙofa, kowa na ganin tukunyar kowa. A gidanmu akwai Bayerabiya, akwai 'yar ƙabilar Ibo, akwai mu Hausawa ɗaki uku, kuma kowacce likita ce in dai a kan ɗan wata ne. Wadda ta wuce ta gan shi kwance sai ta ce, "Har yanzu?" Wannan kalmar ta hana ni barci fiye da kukansa. Na kai matakin da in na ji matan gida sun fito shan iska da yamma da 'ya'yansu, sai in ja labule in ce yana barci.

Wata nas dattijuwa a ƙaramin asibitin unguwarmu ce ta fara sauke min wannan dutsen. Na kai shi awo yana wata 7, kamar taki, na faɗa mata damuwata har muryata na rawa. Ba ta ce min komai ba sai da ta buɗe katinsa. Ta ce, "A sati nawa kika haife shi?" Na ce 35. Ta ce to cikakken ciki sati 40 ne, ke nan yana bin ki bashin sati 5, in za ki auna shi da sa'o'insa sai ki cire su tukuna. Wato yaron da nake ta kuka a kansa ban ƙirga masa daidai ba, bai ma cika wata 6 ba a lissafin girma. Ta ce haka ake ƙirga wa bakwaini da duk wanda ya zo da wuri har ya kai wajen shekara 2. Don haka tambayata ta farko gare ki ita ce, taki ta cika watanninta a ciki kuwa?

Ko da ta cika, wata 7 bai kai abin tayar da hankali ba. Ƙanwar maigidana da ke karatun aikin jinya ta turo min wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka fitar a 2006, inda aka bi yara 816 masu ƙoshin lafiya a Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ana rubuta lokacin da kowanne ya fara kowane abu. Zama ba tare da tokari ba, wasu tun suna kusan wata 4, wasu sai da suka haura wata 9 da 'yan kwanaki. Rarrafe daga wata 5 zuwa 13 da rabi. Tafiya daga wata 8 har zuwa kusan 18. Abin da ya fi ba ni dariya, wajen yara 4 cikin 100 ba su yi rarrafen hannu da gwiwa ba sam, kuma sun yi tafiyarsu lafiya lau. Abba na cikin irinsu, jan gindi ya yi ta yi har ya gama da wandunansa, daga nan ya kama gado ya miƙe. Ɗan maƙwabciyarki yana bakin farko na wannan fili ne, taki tana tsakiya, dukansu a cikin fili ɗaya suke.

Amma fa ba zan ɓoye miki laifina ba, don wataƙila irin naki ne. Nas ɗin ta tambaye ni a ina yake wuni. Na yi shiru ina tunani, sai na ga ashe yaron nan ko yana bayana a goye, ko yana kan katifa an kewaye shi da matasai. Ƙasa kuwa ban taɓa yarda ya taɓa ba. Ɗakinmu a ƙasa yake, da damina danshi har bango yake hawa, ga kyankyasai, ga takalman mutane a bakin ƙofa. Ta ce min to da me kike so bayansa ya yi ƙarfi? Zama aikin wuya ne da baya da ciki, kuma ba sa ƙwari sai yaro ya yi ta kokawa da nauyin jikinsa. Ta ce in shimfiɗa leda, in ɗora tabarma da zani mai tsabta, in kifa shi a kai yana farke ina zaune kusa, sau da yawa a rana ko da minti 5 ne, in ajiye abin da yake so nesa kaɗan da hannunsa. Kwanakin farko ihu ya yi ta yi kamar ana yankan sa. Murfin kwano mai ƙyalli ne ya sasanta mu, shi yake bi yana nishi yana ɗaga ƙirji. Cikin sati 3 ya fara dogara hannu biyu a gabansa yana zama kamar kwaɗo, ya yi ɗan jim ya tuntsure. Kifawar nan ta lokacin da yake farke ce kawai, in barci ne a rigingine ake kwantar da jariri.

Batun baho kuwa, ba zan ce Hajiya surukarki ta yi kuskure ɗungurungum ba, da shi aka rene mu. In na ɗan lokaci ne kina kallonta ba komai. Sai dai zannuwan ne ke riƙe da ita, ba bayanta ba, kuma in ta yi yunƙuri bahon na iya kifewa da ita. Ni na fi ganin amfanin ki zauna a ƙasa ki miƙe ƙafafu ki zaunar da ita a tsakani, in ta karkata ta ji cinyarki ta gyara da kanta. Keken koyon tafiya mai tayoyi ma da za a zo ana ce miki ki saya nan gaba, ki bar kuɗinki. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda haɗarinsa, balle a gidajenmu da risho da tukunyar ruwan zafi ke kan hanya.

Inda ba zan sassauta ba shi ne maganin haƙori. Babu garin da ke tsiro da haƙori, yana nan a cikin dasashi tun kafin a haife ta, lokacinsa yake jira. Yawanci na ƙasa biyu na gaba ne ke fara fitowa wajen wata 6, amma akwai masu kaiwa shekara baki fayau, kuma lafiyarsu ƙalau. Waɗanda suka girme mu a garin nan suna tuna abin da ya faru a ƙarshen 2008, lokacin da wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin, wanda a nan Legas aka haɗa shi, ya gurɓata da wani sinadari mai kashe ƙoda. Yara 84 aka tabbatar sun rasu, hukumar NAFDAC ta kwashe shi daga kasuwa. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba, so suke su rage wa 'ya'yansu zafi. Ni tun da na ji labarin, in dasashin Abba na ƙaiƙayi, hannu nake wankewa in murza masa, ko in ba shi tsumma mai tsabta da na jiƙa da ruwan sanyi ya ciza. Haka kuma kada kowa ya ce miki zawo mai yawa ko zazzaɓi mai zafi "na haƙori ne, zai wuce". Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin da yaro ke kai komai baki, kuma an fara ba shi abinci, daga nan ƙwayar cuta ke shiga. Zawo sunansa zawo, ruwan gishiri da sukari na fakiti da ƙwayar zinc ake ba shi, a ci gaba da nono, in ya ƙi tsayawa ko yaro ya yi laushi a tafi asibiti.

Bari in ba ki labarin da har yau in na tuna cikina ke ɗurar ruwa, don ki ga yadda na yi ta tsoron abin da ba shi da haɗari, na yi sake da mai haɗarin. Abba na da kwana 3 na ga farin idonsa ya yi rawaya. Matan gida suka ce shawara ce, kowane jariri na yi, a fito da shi hantsi a ba shi ruwan gulukos. Wata ta kawo min agbo, jiƙon gargajiya na Yarabawa, a kwalba, ban dai ba shi ba. Na yi kwana 2 ina shanya yaro a rana. A kwana na 5 ya ƙi kama nono, sai barci, in ya farka kuma wani siririn kuka mai tsini. Maigida ya ce ba za mu kwana ba, muka kama keke cikin dare. Kwana 3 ya yi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, ido a rufe, daga shi sai famfas. Likita ya tambaye ni ko akwai kafur a cikin kayansa. Akwai kuwa, ni da hannuna na zuba a akwatin tun ina da ciki. Ya ce akwai yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, kafur na farfasa musu jini. Ya ce shawarar da ta yi yawa aka makara tana taɓa ƙwaƙwalwa da ji. Mu Allah Ya tsare, sai dai suna a gadon asibiti aka raɗa, rago ya jira mu. Na kawo wannan ne saboda in taki ta yi shawara mai tsanani, ko ta daɗe ba ta yi kuka ba da aka haife ta, ko ta taɓa jijjiga, to kada ki jira wata 9, ki faɗa wa likita tun yanzu.

In babu ko ɗaya daga ciki, ki bar kallon ɗan maƙwabta ki kalle ta ita kanta. Wuyanta ya tsaya sosai? Wannan tun wajen wata 4 ake son ganinsa. Tana juyawa daga kife zuwa rigingine? Tana miƙa hannu ta ɗauki abu, da dama da hagu duka, ba ɗaya kullum a dunƙule ba? In kin kira ta daga baya ko cokali ya faɗi tana waiwayowa? Tana kallon idonki ta yi dariya, tana gwaranci? In kin ɗaga ta jikinta bai yi laƙwas kamar tsumma ba, bai kuma sandare ƙafafu na harɗewa kamar almakashi ba? In amsoshin nan sun yi daidai, kuma abin da take yi wannan watan ya fi na watan jiya, zama na hanya. Abin da ba a jira da shi ko kwana ɗaya shi ne yaro ya daina abin da ya riga ya iya. In kuma ta cika wata 9 ba ta zauna ba, ki nemi likitan yara, ba mai kemis ba. Akwai asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, akwai LASUTH a Ikeja, akwai asibitin yara na Massey a cikin Eko, amma ki fara da na unguwarku su rubuta miki takarda, ya fi sauƙin layi.

Ba ki faɗi abin da take ci ba. Tunda ta wuce wata 6 nono kaɗai ya daina isarta, tsinkakken koko kuma cika ciki kawai yake. Ni gero da waken suya da gyaɗa nake soyawa sama-sama a niƙo, in dama da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, wani lokaci in murmushe busasshen kifi ko dafaffen ƙwai a ciki. Zuma kam sai ta cika shekara. Ki duba katinta ki ga layin nauyinta na hawa ne ko ya kwanta, ki kuma tabbatar an ɗiga mata bitamin A na wata 6.

Ita kuma Hajiya kada ki yi musu da ita a waya, ba riba. Ni "to Umma, in sha Allahu" nake ce wa tawa surukar, sai in bar ɗanta ya yi mata bayani da bakinsa cewa a asibiti an hana maganin. Daga bakinsa ta fi karɓa. Ranar da Abba ya zauna, ita na fara tura wa hoton, ta bugo tana cewa ai da ma ta faɗa baho ne maganinsa. Na ce haka ne Umma.

Ki shimfiɗa mata tabarma daga yau, ki rubuta kwanan wata a bayan katinta, ki riƙa ƙara duk sabon abin da ta yi a ƙasa. Rigakafin ƙyanda da na zazzaɓin shawara a wata 9 ake yi, ranar ki tafi da wannan rubutun ki nuna wa nas, ki ce ta zaunar da ita a kan tebur ta gani da idonta.