Lasisi daban, gurbin horo daban

Wa alaikumus salam, Likita. Ka ce kana shekarar gwajin aiki bayan digirin likitanci na MBBS a Bangalore, abokan karatunka Indiyawa sun rabu biyu, wasu USMLE, jarrabawar lasisin likita ta Amurka, wasu PLAB, takwararta ta Birtaniya, kana tambayar wacce ta fi sauƙi. Ni ma a Indiya na yi karatu, ta PLAB na bi, yanzu ina aiki a Ingila. Idan sauƙi ne kawai, PLAB ce. Amma kada sauƙin ya ja ka.

PLAB 1 tambayoyi 180 ne cikin awa 3, kuma ana iya zana ta a can Indiya. PLAB 2 sai ka je Manchester: ɗakuna 16, minti 8 kowanne, ka tarar da mai kwaikwayon majinyaci, a ga yadda kake tambaya da yadda kake isar da mummunan labari. Kafin nan akwai Turanci, 7.5 a IELTS ko B a OET. Ka haye duka, hukumar likitocin Birtaniya, GMC, ta yi maka rajista. To, nan fa mutane ke ruɗuwa. Rajistar izinin aiki ce kawai, ba gurbin ƙwarewa ba. Tun da aka sassauta wa likitocin waje ƙa'idar ɗaukar aiki a 2019, masu nema suka yi wa guraben yawa. Na ga waɗanda suka ci PLAB 2 suna zaune a ɗakin haya, suna cike takardun neman aiki dare da rana, kuɗin guzuri na ƙarewa, gida kuma ana ta tambayar yaushe za a fara aiki. A watan Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta fito fili ta ce za ta fifita waɗanda suka yi karatu a Birtaniya wajen raba guraben horo.

Indiyawan da na ga sun fi samun kwanciyar hankali su ne waɗanda suka fara yin digirin ƙwarewa na MD ko MS a gida ta jarrabawar shiga ta NEET PG, suka ci MRCP ko MRCS, jarrabawar ƙwarewa ta kwalejojin likitocin Birtaniya, sannan suka taho da ƙwarewarsu. Da shaidar MRCP ko MRCS ma GMC na yi wa likita rajista.

USMLE ta fi tsada, ta fi cin rai, amma ita ce aka gina ta kai tsaye zuwa horo. Tun Janairun 2022 matakinta na farko, Step 1, ba ta da maki, ci ne ko faɗuwa, shi ya sa ido ya koma kan makin mataki na biyu, Step 2 CK. Sai shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin waje a Amurka, da OET, da wasiƙun yabo daga likitocin Amurka da ka yi aiki a ƙarƙashinsu, sannan a raba gurabe a watan Maris. Fannin cututtukan ciki, na yara da na likitan iyali sun fi karɓar baƙi. Fata ko tiyatar ƙashi kuwa, sai mai dogon numfashi. A 2023 hukumar likitocin Indiya, NMC, ta samu amincewar WFME, ƙungiyar ilimin likitanci ta duniya, ta shekara 10, wannan ya taimaka, amma duk da haka duba sunan makarantarka a kundin makarantun likitanci na duniya kafin ka biya ko sisi.

Ostareliya na da tata jarrabawar, AMC, tambayoyi 150 a kwamfuta sai gwajin asibiti, kuma galibi a karkara ake farawa. Kanada ka ajiye ta gefe idan ba ka da takardar zama ta dindindin. Jamus ba ta da gasar ƙasa ta shiga horo, asibiti kake nema kai tsaye ana biyanka albashi, sai dai harshen: Jamusanci a matakin B2, da jarrabawar Jamusancin likitanci a matakin C1, da gwajin ilimi kafin cikakken lasisi.

Ka faɗa mana fannin da kake so, da nawa iyali za su iya ɗauka ba tare da an sayar da gona ba, da kuma ko kana da niyyar komawa Najeriya. Idan akwai niyyar, jarrabawar MDCN, hukumar likitocin Najeriya, na jiranka, gara ka sa ta cikin lissafi tun yanzu da karatun bai huce ba.